Minsharin Gidan Mijina

A gidan mijina minshari abin alfahari ne, kuma ban san haka ba sai da na shiga ciki. Marigayi surukina an ce idan ya kwanta, maƙwabta sun san ya dawo daga gona. Yayan mijina yana yi, mijina yana yi, har musu ake a taron Kirsimeti kan wanda ya fi wani. Saboda haka da ɗana ya fara nasa tun bai kai shekara uku ba, surukata guɗa ta rangaɗa a tsakar gida. Ta ce, "Wannan namu ne, ba sai an tambaya ba." Na yi dariya tare da kowa, amma a raina na ce, da can wa ya ce na wani ne?

A lokacin muna ciki da falo a wani gidan haya a Samaru, sauran ɗakunan duk na ɗalibai ne. Mijina malamin sakandare ne a hanyar Giwa, da sassafe yake fita. Ni kuma ina da ɗan shago kusa da ƙofar jami'a, kwamfuta biyu da firinta, ina buga wa ɗalibai firojet. Surukata tana tare da mu, kunnenta ya yi nauyi, kuma ita ke kwana a falo da yaran biyu, babbar 'yata da shi. Duk safiya idan na tambaye ta yadda suka kwana sai ta ce lafiya lau, yaron nan barcinsa kamar na jariri. Ɗaliban da suka haɗa bango da falonmu ba su yarda da ita ba. Ɗaya ya taɓa tare ni a bakin famfo ya ce, "Madam, don Allah wa ke kwana da babur a ɗakinku?"

Da ya kai shekara bakwai, minsharin ne ƙaramar damuwata. Ban taɓa ganin yaro marar zama irinsa ba. Ba ya tafiya, gudu yake. Idan an zaunar da shi ƙafa na rawa, hannu na laluben abin da zai ɓalle. Tashinsa da safe yaƙi ne, a ja, a girgiza, a yayyafa ruwa, sannan ya tashi da fushi, katifa kuma a jiƙe. A makaranta ya tauna fensir, ya mari yaro don ya kalle shi, ya fashe da kuka don an ce ya rufe baki, domin bakin nan kullum a hangame yake. Malamarsa ta ce yana da ƙwaƙwalwa, amma ba ta zama wuri ɗaya. A coci kuwa ɗayan biyu ne, ko yana ture benci a Sande sukul, ajin yara na ranar Lahadi, ko ya ɓingire ana tsakiyar addu'a ya saki minshari har fasto ya ɗaga murya.

Matan zumunta na cocinmu sun yi masa addu'a. Wata ta ce in hana shi zaƙi, na hana. Wata ta ce tsutsar ciki ce, na ba shi magani. Na doke shi, mijina ya doke shi, hannuwanmu ne kawai suka gaji. Kuma abin da ke cin raina shi ne yaron ba mugu ba ne. Idan ya yi ɓarna yakan tsaya yana kallon abin da ya yi kamar wani ne ya yi ya gudu.

Abin ya kai ƙarshe ne a wata damina, lokacin da 'yan ajin ƙarshe ke miƙa firojet, shago cike, kowa na cewa nasa ya fi sauri. Wata ɗaliba tana tsaye a kaina tun safe ina buga mata babi na huɗu, wanda duk lissafi ne da tebura. Yaron ya dawo daga makaranta, ya shige ƙarƙashin tebur, ya fizge waya daga soket. Aikin yini guda ya tafi. Yarinyar ta ɗora hannu a ka ta ce, "Madam, supervisor ɗina zai yi travelling gobe!" Wato malamin da ke duba mata aikin zai yi tafiya. Ta damƙo kunnensa, shi kuma ya gantsara mata cizo a hannu har jini ya fito. Kafin yamma duk layin shagunan an ji.

Mijina mutum ne marar hayaniya. Bai daki yaron ba ranar, waya ya ɗauka ya kira yayansa. Yaya, kamar yadda duk muke kiransa, mai walda ne a Chikaji, yana ƙera ƙofofi da tagogi, kuma duk yaron da ya gagara a dangi can ake kai shi. Aka yanke cewa da an yi hutu yaron zai koma wajensa riƙo, ya yi makaranta a can, da rana ya zauna a wajen aiki. Yaya ya ƙara da sharaɗi ɗaya, kada uwar ta riƙa zarya tana ɓata masa aiki.

Chikaji ba nisa, keke napep ɗaya ne daga Samaru. Amma na san riƙo. Na ga yaran da suka fito daga hannun Yaya, suna gaida mutane har ƙasa, kuma ba sa kallon idon kowa, har na uwarsu. Na yi faɗa a ɗaki, na yi kuka, na ce yaron da ke fitsarin kwance ina shi ina gidan mutane. Mijina ya bari na gama ya ce, "To ke kin iya da shi?" A wajenmu idan yayan uba ya ce a kawo ɗa, kawowa ake. Ba na so, ko kaɗan ba na so, amma ni na wanke kayansa na ninke.

Ranar Asabar ɗin da za a kai shi, mijina ya ce yana da takardun jarrabawa da zai duba. Na san ba takardu ba ne, zuciyar ce ba shi da ita. Ni na ɗauki jaka na kama hannun yaron muka hau keke. An yi ruwa da safe, hanya duk taɓo. Tun kafin mu wuce Palladan ya kwantar da kai a cinyata ya yi barci, kamar yadda yake yi a kowane abin hawa.

A Kwangila wata tirela ta lalace ta gindaye hanya. Motoci suka cushe, gaba ba hanya, baya ba hanya, mai keken ya kashe inji don kada mai ya ƙone a banza. A nan na lura da wani abu da ya ba ni kunya. Shekaru ina jin minsharin yaron nan ta bango, amma rabon da ya yi barci a jikina, ina zaune ba abin da nake yi, tun ina goya shi. Hannuna na kan ƙirjinsa. Minsharin ya hau, ya hau, sai ya yanke.

Ƙirjin bai tsaya ba. Yana ta ja, haƙarƙari na shigewa, ramin wuyansa na lotsawa, amma ba iska. Na kai yatsa bakin hancinsa, ba komai. Na kai bakinsa, ba komai. Ina shirin ihu sai ya yi wata irin shaƙuwa, jikinsa ya zabura, ƙafarsa ta harbi jakar, ya ja iska kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Bai farka ba. Minsharin ya ci gaba. Na ce wa kaina kwanciyar ce ba daidai ba, na gyara masa wuya. Can an jima ya sake. Ya kuma sakewa. Mai keken ya waiwayo ya ce, "Madam, lafiya kuwa yaron nan?"

Na san wannan shirun. Na sha jin sa ta bango, kuma duk lokacin da ya zo nakan ce a raina, yauwa, ya lafa, in juya in gyara kwanciya. Ashe a lokacin ne ɗana ke kokawa da numfashi. A cikin keken nan na ji kamar in sauka in ruga da shi, ba tare da na san inda zan nufa ba.

Na so in ce a juya. Amma idan na koma Samaru da yaro da jaka, na san abin da za a ce, uwa ce ta ƙirƙiro dabara. Mijina ba zai iya tsayawa gaban yayansa da maganar da bai gani ba, kuma Asabar mai zuwa shi zai kawo shi da kansa. Mutum ɗaya ne zai iya warware maganar, shi ne wanda ya ɗaura ta. Da hanya ta buɗe na ce wa mai keken mu je Chikaji.

Wajen aikin Yaya a ƙofar gidansa yake, rumfar kwano, ƙarafa jingine ko'ina, janareto na ruri. Matarsa Bayarabiya ce haifaffiyar Sabon Gari, tana da teburin kayan masarufi a gefe, Hausarta ta fi tawa gudu. Na durƙusa na gaida Yaya, aka gama tambayar gida da surukata da damina, sannan na ce, "Yaya, ina da magana." Na faɗa masa abin da na gani a Kwangila, maganar na fita a hargitse.

Ya ɗaga baƙin gilashinsa zuwa goshi ya yi dariya. "Minshari? A gidanmu? Ƙanwata, kowace uwa ranar rabuwa sai ta samo wa ɗanta ciwo. Ba ke kika fara ba."

Na ce, "Ban ce kada ku riƙe shi ba, Yaya. Ku bar ni in zauna har ya yi barci, ku gani da idonku. Idan kun gani kun ce ba komai, zan tashi in tafi."

Ya dube ni. Sannan ya nuna mini benci ya koma kan aikinsa.

To, yaron da ke barci a coci, yana barci a keke, yana barci a kan kwanon tuwo, ranar nan ya ce bai san zancen ba. An ce kada ya kalli wutar walda, ya ƙura mata ido. Ya ture gwangwanin jan fenti. Ya kori kajin maƙwabta har cikin kwata, wata mata ta fito tana zazzaga masa Turancin Sabon Gari. Duk ɓarnar da ya yi, ni Yaya yake kallo. Na zauna, na tashi, na shiga gida, na fito, na sake zama. Waya na ta ƙara a jakata, mijina ne, na ƙi ɗauka. Na kama yaron na kwantar a cinyata da ƙarfi, ya zille. Ban taɓa roƙon Allah ya sa yaro barci da irin zuciyar da na roƙa ranar ba, kuma ina roƙon ina jin tsoron abin da nake roƙo.

Da rana ta yi sai matar Yaya ta tuƙa teba mai nauyi, irin mai saukar da barci, da miyar kuɓewa, ta zuba wa yaron malmala irin ta manya, ta zauna kusa da shi tana cewa, "Ci, ɗana, ƙara, ai namiji ne kai." Ta ɗago ta kashe mini ido ɗaya. Nan na san ina da mutum a gidan.

Duk da haka sai da rana ta yi sanyi. Ya ɗauki wani guntun ƙarfe yana buga ƙofar da aka gama fentinta, Yaya ya daka masa tsawar da ta sa ni kaina na zabura. Yaron ya fashe da kuka, ya je bayan rumfa ya kwanta a kan wasu buhuna, yana shessheƙa har barci ya kwashe shi. Na je na tsaya gaban Yaya. Ya ajiye abin hannunsa, ya kashe janareto, muka zagaya mu uku da matarsa.

Minsharin na tashi sosai. Yaya ya yi murmushi ya ce, "Kin ji ko? Sak babanmu." Bai rufe baki ba abin ya yanke. Murmushin ya ɗan zauna a fuskarsa, sannan ya tafi. Ƙirjin yaron na ja, na ja, cikinsa na shiga yana fita, bakin a buɗe, ba sauti. Yaya ya ce, "Kai." Ya sake cewa, "Kai, yaro!" Ya miƙa hannu zai girgiza shi, ni kuma da ban taɓa ko haɗa ido da shi sosai ba, na riƙe masa wuyan hannu na ce, "Ku bari ku gani." Muka tsaya. Na ji tsokar hannunsa na motsi a tafina. Sai shaƙuwar ta zo, yaron ya zabura, ya ja iska, ya koma minshari.

Karo na biyu Yaya bai iya jira ba. Ya sunkuya ya ɗago yaron cak ya ɗora a kafaɗa yana bubbuga bayansa, da hannun nan nasa mai kanta da tabon wuta.

Matarsa ta ce, "Haka kake yi kai ma. Tun da na aure ka nake zungurinka da gwiwar hannu, kana cewa ina hana ka barci."

Ni ya tambaya, "Kullum haka yake?"

Na ce, "Ban sani ba, Yaya. Yau na gani."

Ya sauke yaron, wanda ya farka yana murza ido, ya ce, "Ki koma da shi. Litinin a kai shi asibiti, ni zan kira ƙanina. Maganar riƙo kuma sai mun ga abin da asibiti ya yi." Ban kula cewa yaron na sauraro ba. Jakar kawai na sura, kafin ya sake shawara.

Asibiti ba a rana ɗaya aka gama ba. Layi, kati, hoto, a dawo wani mako. Likitar kunne da hanci da maƙogwaro, wata mace mai saurin magana, ta leƙa bakinsa da fitila ta kira ni in leƙa. Wasu nama biyu ne a gefen maƙogwaro sun kusa haɗewa, ta ce akwai wani kuma a bayan hanci da hoto ya nuna. Idan ya yi barci jiki ya saki, sai hanyar iska ta rufe, sai jikin ya fizgo shi daga barcin don ya yi numfashi, haka har gari ya waye, shi bai sani ba. Ta ce babba idan bai samu barci ba hamma yake yi, yaro kuwa rigima yake yi. Ta ce sai an yi masa aiki an cire naman. Na tambaye ta ko idan an cire zai daina rashin ji. Ta ce numfashi take yi mini alkawari, sauran sai mun gani.

Kafin ranar aikin na dawo da shi gadonmu, na tura mijina falo. Surukata ta yi fushi, ta ce wato yanzu minsharin gidansu ya zama cuta, bare ta zo ta gano abin da su ba su gano ba tun kakanni. Na bar ta. Bayan kwanaki na same ta a bayan ɗaki tana share hawaye da bakin zane. Ta ce, "Kusa da ni yake kwana, 'yata. Kusa da ni." Na zauna muka tsince wake tare.

Aka yi aikin, aka sha kunu da kuka na kwanaki. Minsharin ya tafi, har ɗalibin bakin famfo ya tambaye ni ko mun sayar da babur ɗin. Katifa ta fara kwana a bushe. Yana tashi da safe da kira ɗaya, wani lokaci ma ya riga ni. Ya fara cin nama, wanda da sai ya tauna ya tofar. Malamarsa ta aiko a tambaye ni me muka yi masa. Yaya bai sake ta da maganar riƙo ba, mu ma ba mu ta da ba, kowa ya yi shiru ya bar ta a inda take. Shi kansa Yaya, duk nacin matarsa, ya ƙi zuwa asibiti, ya ce nasa na manya ne.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Yaron ya yi shiru fiye da yadda nake so. Yana zama a shago hannu a cinya, idan zai taɓa abu sai ya kalle ni. Na ɗauka lafiya ce ta kawo haka, har ina yi wa matan zumunta shaida.

Wata Lahadi bayan coci muna tsakar gida, ni ina tankaɗe, mijina na wanke takalmi, surukata na kan tabarma. Yaron na buga ƙwallo da bango, ƙwallon ta kauce ta fasa gilashin tagar wani ɗalibi. Irin ɓarnar da kowane yaro ke yi. Kafin in buɗe baki ya taho ya tsaya a gabana, hannuwa a baya.

Ya ce, "Mama, aikin bai yi ba."

Na ce, "Wane aiki?"

"Na asibiti. Na yi ƙoƙari, Mama, wallahi na yi ƙoƙari. Yanzu za a kai ni Chikaji?"

Rariyar ta faɗi daga hannuna. Watanni yaron nan yana riƙe da kansa, yana jiran ranar da za a gane ba a gyara shi ba. Ban kalli mijina ba, ban kalli uwarsa ba, ban nemi izinin kowa ba. Na ce, "Ba inda za ka. Ko ka fasa tagogin gidan nan duka, nan za ka kwana."

Bai yarda da ni ba. Ya juya ya kalli babansa. Mijina ya ajiye takalmin a cikin ruwa, sannan ya ce, "Ka ji abin da mamanka ta ce. Je ka ɗauko tsintsiya."

Ya ɗauko ya share gilasan tas, har waɗanda suka shige ƙarƙashin randa. Da ya gama ya jingine tsintsiyar, ya dawo kusa da ni ya rage murya don kada su ji, ya ce, "Ko gobe ma?"